Daga Murhu Zuwa Mabiyiya: Yadda Hayaƙi Ke Bin Jinin Mace

Duk wanda aka tambaya illar da hayaƙi ke yi wa mai girki zai ambaci tari, da jan ido, da hawaye, wataƙila ya ƙara da asma. Bai yi ƙarya ba, sai dai ƙaramin ɓangaren ɓarnar ya faɗa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, hayaƙin cikin gida yana da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekara, kuma da aka karkasa su bisa cutar da ta yi ajalinsu, kashi 32 cikin ɗari toshewar jijiyoyin zuciya ce, kashi 23 kuma shanyewar ɓarin jiki. Wato fiye da rabinsu ta hanyar jini ajalin ya zo musu. An saba raba maganar lafiyar mata gida biyu, a bar wa likitan mata ɓari da bakwaini da jijjiga, a bar wa likitan zuciya hawan jini da bugun zuciya, sai ka ce ba mace ɗaya ce ke zuwa wurinsu ba. A ganina hujjojin da suka taru suna nuna rauni guda ne, na jijiyoyin jini. Yana fara leƙowa lokacin da mace ke da juna biyu, domin a lokacin ne jijiyoyinta ke ɗauke da nauyin da ba su saba da shi ba, sannan ya lafa, ya sake tasowa bayan shekaru masu yawa.

Ba hayaƙin da ido ke gani kaɗai ake nufi ba. Abin da masana ke aunawa shi ne ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, waɗanda ake yi wa laƙabi da PM2.5, kuma sai an jera kusan talatin daga cikin manya-manyansu kafin su kai kaurin silin gashi guda. Daga duk abin da aka ƙone suke fitowa: itace, gawayi, kara, kananzir, man dizal, bola, taba, wani ɓangare na hazon hunturu ma yana cikinsu. Ƙura mai gwaɓi, gashin hanci da majina suna tare ta, a fyace ko a yi kaki a zubar. Waɗannan kuwa zarcewa suke yi har ƙuryar huhu, inda 'yar fata mai laushi ce kaɗai ta raba iska da jini. A nan jiki yake kai musu hari, sinadaran da ya saki a wannan artabu su shiga jini su zaga ko'ina, jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya su harzuƙa, mafi ƙanƙantar ƙwayoyin kuma su ratsa su shiga jinin da kansu. Wadda ke shan wahalar wannan duka ita ce shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini, wadda aikinta ne ta sa jijiya ta saki idan ana buƙatar ƙarin jini, ta kuma hana jinin daskarewa. Idan ta ji rauni sai jijiya ta tsuke, jini ya hau, gudan jini ya yi saurin haɗuwa, kitse ya riƙa taruwa a bango. Tun a 2010 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yanke cewa alaƙar waɗannan ƙwayoyi da ciwon zuciya ta sanadi ce. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da ta amince da ita daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara.

Binciken da ya fi jawo hankali kan zuciyar mata an buga shi a 2007 a mujallar New England Journal of Medicine. An bi mata 65,893 waɗanda suka daina al'ada, ba kuma masu ciwon zuciya ba, a birane 36 na Amurka, na kimanin shekara shida. Duk ƙarin maikirogiram 10 a iskar unguwar da mace ke zaune ya zo da ƙarin kashi 24 cikin ɗari na haɗarin kamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin kashi 76 na haɗarin mutuwa da su. Wannan fa a ƙasar da iskarta ta fi tamu tsafta nesa ba kusa ba. A ƙauyukan Yunnan na ƙasar Sin, inda ake girki da itace, an rataya wa mata 280 na'urar auna iska, aka ga gwargwadon hayaƙin da mace ta shaƙa gwargwadon hawan jininta, musamman waɗanda suka haura hamsin. A Gwatamala kuma da aka gina wa wasu mata murhu mai bututun fitar da hayaƙi, jininsu ya sauka da maki uku zuwa huɗu. Ba sai an kafa hujja da cewa jikin mace ya fi na namiji rauni ba. A ƙasashen da ake girki da itace, tambayar ita ce wa ke zama a gaban wutar.

A ƙasar Hausa amsar ba ɓoyayya ba ce. Mai hura wuta da safe takan haɗa kan itace, ta cusa leda ko guntun tsohon silifa a tsakiya don ya kama da wuri, ta durƙusa ta kai baki kusa tana busawa, goyo na bayanta. Wannan ɗan lokaci kafin harshen wuta ya tashi, a nan hayaƙi ya fi kauri, a nan ne kuma hancinta ya fi kusa da shi. Da damina itace ɗanye ne, ga madafa a rufe saboda ruwa. Da hunturu a shigo da kaskon wuta ɗaki a ja ƙofa. Kunkunniyar da ke reto a rufin madafa shaida ce ta abin da ke yawo a iskar wurin shekara da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gidan da iska ba ta ratsawa, waɗannan ƙwayoyi suna iya ninka abin da aka yarda da shi sau ɗari. Wadda wuta ce sana'arta kuwa, mai tuyar ƙosai da waina, mai turara shinkafa, mai suyar gyaɗa, mai bandar kifi, wuni take yi a ciki. Dare ma bai tsira ba: ga janareton maƙwabci a gindin taga, ga turaren wuta, ga maganin sauro na ƙonawa, wanda wani gwaji da aka buga a 2003 ya nuna naɗi ɗaya nasa yana fitar da ƙwayoyin da nauyinsu ya kai na karan sigari 75 zuwa 137.

Ciki yana sauya jikin mace ta yadda duk wannan zai fi kama ta. Jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya tana ƙara yawan abin da take turawa, iskar da take shaƙa a kowane minti ma tana ƙaruwa, saboda haka ƙazantar da ke shiga ta fi ta da. Sannan ga mabiyiya, wadda kusan gaba ɗayanta jijiyoyin jini ce. A watannin farko sai ta kutsa cikin bangon mahaifa ta mayar da ƙananan jijiyoyin uwa masu tauri su zama masu faɗi da laushi, domin jini ya riƙa kwarara ga ɗan tayi ba tare da takura ba. Idan wannan aiki bai kammala da kyau ba, ɗan yana samun abinci da iska a ƙuntace, ya fito ƙarami ko ya fito kafin lokaci, ita kuma mabiyiyar da ke cikin ƙunci ta riƙa sakin sinadaran da ke lalata jijiyoyin uwar, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin, fuska da hannuwa su kumbura, in abin ya yi tsanani a kai ga jijjiga. An daɗe ana zaton mabiyiya tana tare datti. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hasselt ta Beljiyam suka gano ƙwayoyin baƙin hayaƙi a ɓangarenta da ke fuskantar ɗan tayi, kuma sun fi yawa a wurin matan da ke zaune inda iska ta fi ƙazanta. A 2022, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Aberdeen, suka same su a hanta da huhu da ƙwaƙwalwar 'yan tayi.

Alƙaluman da ke biyo baya ba su da daɗin ji. Wani nazari da aka buga a mujallar PLOS Medicine a 2021 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakwaini kusan miliyan shida da jarirai marasa nauyi kusan miliyan uku suna da nasaba da waɗannan ƙwayoyi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na laifin na hayaƙin girki ne. Rahoton State of Global Air na 2020 ya ce jarirai kusan 476,000 sun mutu a watansu na farko a 2019 saboda gurɓatar iska, kusan rabinsu a Afirka kudu da Sahara. Ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi yana iya hawa ko sauka, amma ko an raba shi biyu abin da ya rage ya isa tashin hankali. Kan batun samun cikin kansa kuwa, hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba. A wani asibitin masu neman haihuwa a Boston an ga yawan ƙwayayen da suka rage wa mace yana raguwa inda iska ta fi ƙazanta, a Sin kuma nazarin ma'aurata fiye da 18,000 ya danganta ta da jinkirin samun ciki. Amma babban binciken Denmak na 2024, wanda ya bi mutum fiye da 900,000, a wurin maza ya ga alaƙar ƙwayoyin da rashin haihuwa, bai gan ta a wurin mata ba. Wannan ya kamata ya shiga kunnen dangin miji da ke saurin ɗora wa amarya laifi idan shekara ta zagayo shiru.

Inda zaren biyu ke haɗuwa shi ne bayan haihuwa. An yi suna, an yi arba'in, jini ya sauka, kowa ya ce an rabu lafiya. Amma nazarce-nazarcen da suka bi mata miliyoyi sun nuna wadda jininta ya hau irin mai kaiwa ga jijjiga tana da ninki biyu na haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gaba, da kusan ninki huɗu na haɗarin gazawar zuciya. Shi ya sa tun 2011 likitocin zuciya a Amurka suka sa tarihin cikin mace a jerin abubuwan da ake tambaya kafin a auna haɗarinta. Ko cikin ne ya bar tabon, ko kuwa tona wani rauni ya yi da dama yana nan, sakamakon ɗaya ne: macen ta koma gaban murhun da ta baro, da jijiyoyin da suka riga suka nuna gajiya. A Arewa wannan magana tana da ƙarin nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton gazawar zuciya bayan haihuwa a kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma rajistar da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ta nuna hawan jinin ciki da rama da rashin karatu suna cikin abubuwan da ke tafe da cutar. Ba hayaƙi waɗannan bincike suka kama da laifi ba, kuma bai dace a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Sai dai hankali zai ba mutum cewa mai jegon da zuciyarta ba ta gama komawa daidai ba, wadda ake dafa wa ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, a wasu wuraren ma a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasar da take kwance, ita ce ta fi kowa buƙatar a nisanta ta da hayaƙi.

Mai ja da wannan magana zai ce talauci ake aunawa, aka ba shi sunan hayaƙi. Wadda ke girki da kara ita ce ba ta cin mai kyau, ita ce ba ta zuwa awo, ita ce ke haihuwa a gida. Ta yaya za a ware hayaƙi daga sauran? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma amsarta tana wuraren da iska ta canza alhali mutanen ba su canza ba. A 2008 hukumomin Bejin sun rufe masana'antu sun rage motoci saboda wasannin Olamfik. Jariran da watansu na takwas a ciki ya faɗa cikin waɗannan makonni sun fi na daidai lokacin a 2007 da 2009 nauyi da giram 23. A kwarin Utah na Amurka, lokacin da masana'antar ƙarfe ta tsaya daga 1986 zuwa 1987, haihuwar bakwaini ta ragu a tsakanin matan da ke da ciki a lokacin. A New Jersey da Pennsylvania, da aka sa na'urar biyan kuɗin hanya motoci suka daina cunkoso a shingen karɓar kuɗi, bakwaini ya ragu da kusan ɗaya cikin goma a gidajen da ke kusa da shingen. Ba wanda albashinsa ya ƙaru a waɗannan wurare. Haka nan mai cewa hazo ai na Allah ne, ba hayaƙin inji ba: masu bincike a Jami'ar Stanford sun bi ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wadda ba ruwanta da mai kuɗi ko talaka, suka nuna a 2020 cewa a shekarun da ta yi yawa mutuwar jarirai tana ƙaruwa a yankunan da ta sauka.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin daga gwaji ta fito. Idan hayaƙi ne sanadi, to a cire shi a gani. An gwada a Ibadan da mata masu ciki 324, aka ba rabinsu risho mai amfani da man etanol, sauran suka ci gaba da itace ko kananzir. A awon ƙarshe kashi 6.4 cikin ɗari na masu tsohon murhu suna da hawan jini, masu sabon risho kuwa kashi 1.9, kuma cikinsu ya fi daɗewa da kusan mako guda. Amma gwajin da ya ninka wannan girma sau goma, mai mata 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, wanda aka buga a 2022, bai ba da abin da aka sa rai ba. An ba mata murhun gas da gas ɗin kyauta, abin da suke shaƙa ya sauka zuwa kusan maikirogiram 24, na sauran yana kusan 71, duk da haka nauyin jarirai ya tashi giram 2,921 da 2,898, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, jinin iyayen ma bai sauka ba. A Kintampo ta ƙasar Gana ma raba gas bai ƙara nauyin jarirai yadda za a iya nunawa ba. Duk mai gaskiya dole ya karɓi wannan, ya daina tallan murhu sai ka ce maganin bakwaini.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce waɗannan gwaje-gwaje sun wanke hayaƙi. Matan sun karɓi gas ne cikinsu yana tsakanin mako tara zuwa ashirin, lokacin da mabiyiya ta riga ta yi nisa a aikin kafa jijiyoyinta, kuma bayan sun shafe shekaru suna shaƙa tun suna 'yan mata masu taya uwa girki. Maikirogiram 24 ɗin da aka kai ma ya kusa ninka iyakar Hukumar Lafiya sau biyar, domin maƙwabta ba su daina hura wuta ba, bola ba ta daina ci ba. Akwai kuma wani hali na waɗannan ƙwayoyi da aka gani tun a nazarin taba: illarsu ga zuciya tana hawa da sauri a ƙananan matakai, sannan ta riƙa lafawa a sama, shi ya sa mai shan kara biyu a rana bai tsira da kashi ɗaya cikin goma na haɗarin mai shan ashirin ba. Wanda ya rage hayaƙi daga mai yawa ƙwarai zuwa mai yawa bai sayi lafiya mai yawa ba. Kuma a cikin waɗannan gwaje-gwajen kansu, da aka duba abin da kowace mace ta shaƙa a zahiri, an ga masu shaƙar baƙin hayaƙi da yawa sun fi haifar ƙananan jarirai. Darasin da na ɗauka shi ne gyaran da aka fara a makare, a gida ɗaya, na wata shida, ba ya goge abin da aka tara a shekara ashirin.

Saura masu cewa kakanninmu da itace suka yi girki suka haifi goma. Waɗanda suka rayu har muka gan su ne muke lissafawa. Ba a lissafa wabi, ba a lissafa wadda ta tafi a wurin haihuwar fari, kuma tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye akan ce iska ce ta buge ta. Mai cewa akwai abin da ya fi wannan gaggawa kuwa yana da gaskiya. Najeriya ta rasa mata kusan 75,000 a dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma jini a ma'ajiya da ungozoma ƙwararriya da allurar tsayar da jijjiga za su ceci rayuka da sauri fiye da kowane murhu. Sai dai hawan jinin ciki yana sahun gaba a abubuwan da ke kashe matan nan, kuma abin da ke ƙara haɗari kaɗan ga kowace mace, idan kusan kowace mace tana cikinsa, jimillarsa takan fi ta abin da ke da tsanani amma 'yan kaɗan yake samu.

Saboda haka wurin wannan magana ɗakin awo ne, ba ma'aikatar muhalli kaɗai ba. Nas ɗin da ke tambayar mai ciki ko tana kwana cikin gidan sauro tana iya tambayarta da me take girki, a ina, kuma wa zai karɓe ta. Abin da gida zai iya yi ba tare da kuɗi ba yana da iyaka amma ba banza ba ne: a fitar da murhu fili, a busar da itace, a daina hura wuta da leda, a maye maganin ƙonawa da gidan sauro, a kai janareto nesa da taga, a ɗauke wa mai ciki da mai jego zaman gaban wuta. Wadda ta taɓa hawan jinin ciki kuma a riƙa auna ta duk shekara ko ba ta jin komai. Mafi yawan waɗannan shawarwari ba a hannun matar suke ba, suna hannun mai cefane da uwar miji, don haka su ya kamata a faɗa wa. Babban aikin kuwa na hukuma ne, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin gas ya tashi, gidaje da dama a birane sun jingine silinda sun koma gawayi. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, amma ƙwarewar wasu ƙasashe ta nuna inda gizo ke saƙar. Indonesiya ta fara mayar da gidaje daga kananzir zuwa gas a 2007, yanki bayan yanki, tare da tallafin farashi, ta kai fiye da gida miliyan hamsin, kuma binciken da ya biyo baya ya ga mutuwar jarirai ta ragu a inda shirin ya isa. Indiya ta raba wa mata matalauta silinda miliyan 80 daga 2016 zuwa 2019, amma mai binciken kuɗin gwamnati ya gano matsakaicin gida bai wuce cika ta sau uku da 'yan kai a shekara ba, sauran watannin an koma itace da kashin shanu saboda kuɗin cikawa ya fi ƙarfinsu.